Takardar da Ke Kan Rediyo

Ranar Talata ya ƙi sa hannu a takardar. Kwana goma sha tara bayan nan matarsa ta rasu.

Shekara ashirin da biyu yana ɗinka wa ɗaliban jami'a kundin bincikensu a shagonsa da ke bayan makarantar, kuma babu kundin da ya bar hannunsa bai karanta ba. Shi ya sa yake ganin ya fi rabin malamansu sani. Da 'yarsu Auta ta shiga sakandare, matarsa ta ce tana son ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam, shi ya cika mata fom da hannunsa.

"Ki je, hasken gidana," ya ce. "Ranar da kika gama, da koriyar fata zan ɗinka naki, ba kwalin da nake liƙa wa yaran nan ba."

Bai san akwai wani Dakta, malaminta, a gaba ba.

Dakta ya ce yaro ba ya ƙarya sai ya ji tsoro. Dakta ya ce shiru ma magana ce. Da safe Dakta, da rana Dakta. Shekara uku ana ci da shi a gidan ba tare da an taɓa ajiye masa faranti ba.

"Abban Auta, ka san Dakta ya ce mai yawan gatse..."

"Dakta bai ce gishiri ya yi yawa a abincin nan ba?"

Ta yi dariya har da tafi. Shi bai yi ba.

A shekarar ƙarshe ta fara yawo da wani baƙin littafi. Ta rubuta, ta yi murmushi, ta rufe in ya matso. Wata safiya ta manta shi a kan injin yankan takarda lokacin da ta kawo masa shayi. Mutumin da ya karanta kundin baƙi sama da dubu ba zai kau da kai daga littafin matarsa ba.

"Mutumin yakan shinshina littafi kafin ya buɗe," ta rubuta. "In ransa ya ɓaci sai muryarsa ta yi laushi, kamar mai ba da darasi. In na shigo yakan yi kamar bai gan ni ba, amma hannunsa yana tsayawa. Ina jin daɗin wannan fiye da yadda ya kamata mai bincike ta ji."

Shafi arba'in, babu suna ko ɗaya. Mutumin, Mutumin.

Washegari ya rufe shago, ya shiga ɗakin lacca, ya zauna a bencin baya. Dakta dogo ne, furfura kaɗan a gefe, murya mai laushi. Da uwar Auta ta shigo, Dakta bai ɗago ba. To, ga shi nan! Ya koma shago ya yanke gefen kundin wata yarinya a karkace, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Talata ta same shi a falo, takarda a hannu ɗaya, biro a ɗaya.

"Abban Auta, ɗan sa min hannu a nan. In babu shi ba za su karɓi bincikena ba."

"Ki kai wa Dakta."

"Shi ya sa nasa. Naka ya rage."

"Ashe akwai abin da ya rage min."

Ta tsaya tana kallonsa. "Me kake nufi?"

"Na karanta baƙin littafinki, ɗaliba." Muryarsa ta yi laushi ƙwarai. "Rubutu mai kyau. Ban san kina da irin wannan idon ba. Ni dai ba a taɓa kallona haka ba."

Bakinta ya buɗe kamar za ta yi dariya, sai dariyar ta mutu a hanya.

"Wa kake zaton Mutumin?"

"Na je ajinku. Na gan shi."

"Innalillahi! Ka bi ni har aji? Ni? Bayan shekara ashirin da huɗu da aure?"

"Ban ce kin yi komai ba..."

"Ka faɗa! Ka gama faɗa!" Ta share ido da gefen mayafi. "Ka karanta takardar nan kawai. Layi shida ne. Wallahi in ka karanta sai ka ji kunya."

"Na karanta abin da ya ishe ni."

"To ni ma ba zan wanke kaina a gabanka ba. Ga ta nan. Ranar da ka ga dama."

Ta ɗora ta a kan rediyo, a kife. Nan ta zauna. Kullum da safe yana ɗora kofinsa a kanta don ta gani, kuma tana gani. Suna gaisawa, tana kawo shayi, Auta ce ke kai saƙo daga ɗaki zuwa ɗaki. Sau biyu ya kai hannu zai juya takardar, sai ya ji motsinta, ya kama gyara eriya.

Ranar Lahadi ta uku ta faɗi a tsakar gida tana shanya. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai. Ba ta farfaɗo ba.

Bayan mutane sun ragu, Dakta ya zo shago da wani fayil. Ya yi gaisuwa, ya ajiye fayil ɗin a kan tebur.

"Aikinta ne, Malam. Ban taɓa duba irinsa ba. Ranar miƙawa ta wuce tun tana da rai, na yi ta binta, ta ce mai takardar bai shirya ba."

Ya ɗauki fayil ɗin, ya kai hanci, ya fara buɗewa. Sai ya ga Dakta yana kallonsa, idonsa ya ciko.

"Allah sarki," Dakta ya ce. "Kamar yadda ta rubuta."

"Kamar yaya?"

"Aikin shi ne ɗalibi ya lura da mutum ɗaya na zangon karatu guda, ya ɓoye sunansa. Ƙa'ida ita ce a nemi izininsa tun farko. Ta roƙe ni in bari sai ta gama. Ta ce mijinta in ya san ana kallonsa, zai daina zama kansa don kawai ya ƙaryata ta."

Da Dakta ya tafi, ya rufe shago ya nufi gida. Takardar tana kan rediyo, da'irar gindin kofi a bayanta, ɗaya kan ɗaya. Ya juya ta. Layi shida ne: na amince a yi amfani da abin da aka lura da shi game da ni. A ƙasa ta riga ta rubuta masa sunansa da fensir, ta sa ɗan ɗigo inda zai fara.

Ya ɗinka kundin da koriyar fata. Kwana huɗu ya ɗauka, aikin yini guda. Jami'a ba ta ba matattu digiri a kan aikin da ba a miƙa ba, don haka kundin yana kan kanta a shago, inda ɗalibai ke tambayar ko za a yi musu irinsa. Ba a yi.

Ya sa hannun, a makare. Har yanzu in ƙofar shagon ta motsa hannunsa yakan tsaya, yanzu kuma ya san yana tsayawa. Maganar tana nan a bakinsa tun ranar Talatar, ba ta da tsawo:

"Kawo biron, hasken gidana."