Ruwan da Nedka Ta Shanye

Wa ya aike ku tambayar wannan? Baki kamar na kifi, ba ya rufuwa. To ku nutsu, sau ɗaya zan faɗa.

Kun san a nan Burgas ba a barin mai tafiya teku ya fita sai an kwara masa ruwan gida a gabansa, don hanya ta yi masa santsi. Nedka maƙwabciyarmu ce kaɗai ta taɓa ƙi. Ana gobe zai tafi, mijinta Jelyu ya yi tatil da giya, ya fasa mata baki, tana da cikin wata bakwai. Da safe ya tsaya a ƙofa yana jira. Ta ɗaga kofin, ta dube shi ido cikin ido, ta shanye. Jirginsu bai dawo ba.

Shekara ashirin da huɗu ta wuce. Aka rushe matsayar masunta, aka mai da wurin lambun shan iska, da furanni da benci da fitilu. Nedka ba ta taɓa taka shi ba, sai yammacin da ɗanta Kolyo zai yi tafiyarsa ta farko. Ya fita da sassafe a ɓoye, wai shi ba ya son camfin tsofaffi. Ta cika kwalba da ruwan gida, ta yanke ta lambun don ta riski jirgin.

Rana ta faɗi. Mai gasa masara yana kwashe kayansa. Ta wuce masoya biyu a benci, ta wuce wurin lilon yara. Daga nan babu kowa.

Ƙamshin furanni ya ɗauke. Sai ƙarnin kifi, da baƙin mai, da wata taba da aka daina sayarwa tuntuni.

Caɓ. Caɓ. Takalmin roba cike da ruwa, a bayanta.

Ta tsaya, ya tsaya.

"Mace," aka ce a hankali. "Ina ruwana?"

Ba ta waiwaya ba. Sanyi ya kwanta mata a ƙeya.

"Na gaji da tsayuwa, Nedka. Zuba mini in wuce."

Jirgi ya yi kuka a tasha.

"Na ɗana ne," ta ce.

"Ɗana ne ni ma."

"Da ka tuna da haka ranar nan, mashayi."

Jiƙaƙƙen hannu ya cafke mata wuyan hannu. Kwalbar ta karkace. Ɗis. Ɗis.

Ta toshe bakin da babban yatsa, ta fizge, ta zura a guje. Takalmin na biye da ita, caɓ, caɓ, har ƙofar tasha. Nan ya tsaya.

Ta tarar da Kolyo a gindin tsanin jirgi. "Haba Mama, a gaban mutane?" Ta kwara masa a ƙafa.

Kolyo ya je ya dawo lafiya, sau talatin ma. Amma tun daga ranar, duk ruwan da Nedka ta kai baki gishiri ne, kuma kullum safiya dokin ƙofarta a jiƙe. Mata suka yi ta roƙonta, kofi ɗaya dai, ta kai lambun ta huta. Ta ce ruwa bai ƙare a garin ba, ita ce ba za ta bayar ba. Haka ta mutu, leɓe a tsattsage, Jelyu kuma yana can yana jira.

Me kuke zare mini ido? Ku tashi ku kwanta. Da asuba ubanku zai tafi, kuma kofin nan na bakin taga, kada wanda ya taɓa shi.