Amyar da Ta Rage

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wani mutum mai amya goma rataye a bishiyoyin ɗorawa. In zai ɗebi zuma, sai ya hau da wutar kara, ya babbake ƙudan, ya kwashe saƙar kaf. Bana ya ƙona, baɗi ya ƙona, har amya ɗaya tak ta rage da ƙuda. Kabewar matarsa kuwa sai ta yi fure ya zube, ta yi fure ya zube, ko ɗa ɗaya babu.

Ran nan ya sake kunna kara. Matar ta tare shi a ƙofa, ta ce, "Maigida, in ka ƙone waɗannan, wa zai leƙa furena?"

Ya yi tsaye har wutar ta kusa lasar yatsunsa, sannan ya take ta. Ya hau da hayaƙin busasshen kashin shanu, ya ɗebi rabi, ya bar musu rabi.

Da damina ta zagayo, yana kaifafa fartanya, sai ya ji matar ta ƙwala kira. Gabansa ya faɗi, ya ruga. Ashe 'yar kabewa ce kamar ƙwan kaza, ƙudan na ta shawagi a kan fure.

Ta ce, "Taka a hankali, maigida, suna aiki."