Wayar da Rewaya Ya Ciza

Ana gab da magariba matata ta miƙo min kular abinci, ta ce in biya garejin ƙaninta in ajiye masa. Ƙanin nan nata mai gyaran wayar mota ne, kowa Rewaya yake kiransa. Akwatinsa cike yake da kayan aiki, amma babu wanda ya sha wahala a hannunsa kamar haƙoransa. Da su yake feƙe waya, da harshe yake jin ko akwai wuta. A jikin mota taya ce kawai bai taɓa lasa ba.

Na tarar kowa ya watse. Ƙafafunsa kaɗai na gani sun leƙo daga ƙofar wata tsohuwar mota, kansa yana ƙarƙashin sitiyari.

Motar surukinsa ce. Dattijon nan bai taɓa ɗaukar Rewaya a bakin komai ba, ko a gaban baƙi "mai wayoyin nan" yake ce masa. Motar ta daɗe a yashe kusa da juji, saboda ƙwaƙwalwar injinta ta ƙone, an kuma rasa irinta. Rewaya ya sa mata sabuwa ta wani kamfani daban, inji ya tashi lafiya lau. Sai dai agogunan gaban direba sun yi gum, na gudun inji da na zafi, don sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta san da zamansu ba sai an bi wayoyinsu an haɗa da hannu. Dattijo kuwa ya ce da safe zai zo. In allura ɗaya ta ƙi motsi, zai kai wa masu aikin gaske.

"Yaya, Allah ne ya kawo ka. Riƙe min tocila."

"Abinci aka ba ni in kawo, ba a ɗauke ni aiki ba."

"Ai tumbin nan naka ya gaji da hutu. Haska nan."

Na zauna a kujerar gefe. Da danshi. Wani wari ya tare ni, ba na mushen ɓera ba, ba na ruwan batir ba. Kamar tsumman da jariri ya yi wa tumbuɗi aka ƙulle a leda aka manta.

"Wani abu ya mutu a motar nan," na ce.

"Tsufa ne. Kai ma in aka ajiye ka a juji haka za ka yi."

Ya riga ya cire kan batir, da idona na gan shi yana reto. Ya zaro allon agogunan ya jingine. Bayansa rami ne baƙi ƙirin, wayoyi sun cukurkuɗe a ciki. Ya samo wayar agogon zafi, koriya, ya haɗa da sabuwar ƙwaƙwalwa, ya naɗe da salatif. Saura ta gudun inji. Ya zura hannu har gwiwa yana lalube, ya jawo wata. Ta fito daga can cikin duhu, reshenta ɗaya a manne da bayan allon.

Ba ja ba ce, ba shuɗiya ba. Launin hanjin kaza gare ta, tana wani sheƙi.

"Wannan ba ta yi min kama da waya ba."

"Yaushe ka san waya? Zafi ne ya cinye launin."

Ya kai ta baki zai feƙe.

Roba ƙas take cewa. Wannan tsut ta ce, kamar an taka ruɓaɓɓen tumatir. Wani ruwa fari-fari mai yauƙi ya gangaro masa a haɓa.

Ya yi kakarin amai. Ya ja, ta ƙi fita. Ta kutsa tsakanin haƙoransa na gaba ta yi zamanta.

Sai allon ya kawo wuta.

Allurar gudun inji ta ɗaga, ta sauka. Ta ɗaga, ta sauka, da sauri-sauri, irin bugun ƙaramar zuciya. Ta mai kuma, wadda babu wanda ya taɓa, ta bar ƙasa ta fara hawa.

Daga cikin ramin na ji tsotso. Cap. Cap. Cap.

Wayar tana kumbura tana saki. Ta fara yin ja.

"Yaya," ya ce ta tsakanin haƙora, miyau yana dalala. "Yanke."

Na ajiye tocila na ɗauki filaya, na datse da ƙarfina. Ta zame kamar an shafe ta da majina. Na sake. Ta sake zamewa.

Wata iska mai ɗumi ta taɓa min ƙeya. Warin ya ninku.

"Bar shi ya sha."

Muryar mace ce daga kujerar baya, ƙasa-ƙasa, irin ta wadda raino ya gajiyar.

"Tun da aka ɗauko mu daga juji bai samu komai ba."

Ban waiwaya ba. Hannu ne ya zo da kansa ta tsakanin kujeru. Dogo, jiƙaƙƙe, fatarsa ta yi laushi kamar burodin da ya kwana a ruwa. Ya sauka a kan Rewaya yana shafa shi, yadda ake lallashin saniyar da ake tatsa.

"Kai ka kama cibiyarsa da bakinka. Mu ba mu roƙe ka ba."

Allurar mai ta wuce rabi. Kumatun Rewaya sun lotsa.

"In ta cika zai saki?" Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Allurar ce ke cika," in ji ta. "Shi ba ya cika."

Rewaya ya fizge filayar.

Bai kama wayar ba. Haƙorinsa ya kama da ita, ya finciko.

Ƙarar kamar an karya ƙashin kaza.

Wayar ta sulale cikin rami da haƙorin. Wani siririn kuka ya tashi a ciki. Ni dai ban san tumbina yana iya bin taga ba sai ranar. A bakin kwata muka durƙusa, shi yana amai da jini, ni ina taya shi babu jini.

Da safe na raka shi, muka tsaya nesa-nesa. Allon ya koma mazauninsa, an ɗaure shi tsaf, kan batir ma an mayar. Dattijo ya zo ya murza makulli. Kowace allura ta miƙe kamar ranar da aka ƙera ta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fito ya dafa kafaɗar Rewaya.

"Ashe kai ɗin na gaske ne, ɗana. Me ya sami bakinka?"

"Aiki ne, Baba."

"Madalla. To ni idona ya yi rauni, tuƙi ya fi ƙarfina. Na bar maka ita. Ka riƙa ɗaukar min jikoki."

Wa zai mayar wa surukinsa kyauta, ranar da ya fara ce masa ɗana? Rewaya ya durƙusa ya yi godiya da auduga a baki.

Yanzu da ƙarfe yake feƙe waya kamar sauran bayin Allah. Madara ko a talla ya gani sai ya tofar da miyau. Motar tana ƙofar gidansa babu batir, ya ce wa matarsa yana jiran wani kaya ne. Kullum da yamma yakan leƙa ta gilashi ya dubi allurar mai. Tana sauka a hankali.

Jiya da na biya gidan, allurar ta kusa taɓa ƙasa. Na tarar matarsa ta samo makullin, ta buɗe ƙofofi duka, wai motar Baba ta sha iska. Autansu yana kujerar gaba yana rarrafe. Haƙori yake fitarwa, duk abin da ya samu baki yake kaiwa.