Tabon Jikin Gilashi

Tela ne, amma matarsa Injiniya take ce masa don tsokana. In ya tashi daga ɗinki, sai ya shige ɗakin ajiya ya duƙufa gyaran tsofaffin kwamfutocin da yake saye wajen 'yan gwangwan.

Ta wannan makon mai ƙatuwar ƙeya ce. Irinsu in hoto ya daɗe a gilashin, tabonsa ba ya fita. Nata tabon kamar mutum ne a zaune, kafaɗa ɗaya a karkace.

Sai da dare ya raba sannan ta kunnu. Ya yi hamdala, ya kashe ta, ya zare waya.

Sai ya ji sallama a bayansa, alhali da hannunsa ya sa sakata.

Wani dattijo ne zaune a kan benci, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Ƙaurin ƙonanniyar waya ya cika ɗakin, gashin hannun telan ya miƙe.

"Sannu da aiki, ɗana," in ji dattijon, muryarsa na shuu kamar rediyo ba tasha. "Shekara talatin ba wanda ya waiwaye ni."

Telan ya ja da baya. "Baba, ta ina ka shigo?"

"Ai kai ka buɗe min."

Ya kasa haɗa ido da shi, sai ya kau da kai wajen kwamfutar. Gilashin tas yake, babu tabo ko ɗigo.

A hankali ya waiwayo, ya dubi kafaɗar dattijon. Ɗaya a karkace take.