Notin Tayar Hagu

Da magriba na gama da bas ɗin makarantar yara. Na canza birki, na mayar da tayoyi, na wanke hannu da fetur, na rufe gareji. Shekara ashirin ina kanikanci, aiki bai taɓa gagarata ba. Ni matsalata a kan filo take.

Da na kwanta sai tunani ya hau ƙirjina ya zauna. Na ɗaure noti? Na rufe murfin mai? Wata biyu ke nan barcina bai wuce na kaza ba. Me ban gwada ba? Na bar shan shayi da dare, na ƙirga numfashi, na rubuta damuwar a takarda na cusa a aljihun tebur. Duk a banza. Wallahi har haushin masu munshari nake ji.

Matata ce ta kawo dabara. Ta ce, "Baban Auta, duk abin da ka ɗaure ka faɗa da bakinka, kunnenka ya zama shaida." Haka na yi ranar. Noti takwas a kowace taya, kowanne sai da na ce, "Na ɗaure." Abokin aikina har yana tambaya ko motar ta fara amsa min.

Bas ɗin nan shi zai ɗauki 'yarmu Auta ƙarfe bakwai na safe.

Dare ya raba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Matata na ta barcinta. Sai na ji tambayar, amma wannan karon ba a cikin kaina ba. A bakin kunnena, da muryata.

"Ka ɗaure na hagu?"

Na ce a raina, na ɗaure.

"Na baya?"

Na danne kai da filo. Haba! Mutum ba zai huta ba?

"Auta a baya take zama."

Na ja tsaki, na zura takalmi, na ɗauki mabuɗan gareji da na bas. Ba tsoro ya fitar da ni ba, takaici ne. Na ce bari in je in taɓa da hannuna, a bar ni in yi barci.

Layin shiru, ko kare babu. Ƙofar gareji ta yi ƙara da na tura. Warin baƙin mai, warin roba, da wani wari kamar na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na kunna fitilar waya, ta yi fari ta mutu.

Na laluba na samo sifana. Na durƙusa gaban tayar baya ta hagu. Na ɗora a noti na farko, na danna dama don in ƙara ɗaurewa. Ya ƙi. Na hau da ƙafa. Ƙaƙas! Ya motsa.

"Ka gani?" in ji muryar, daga ƙarƙashin bas. "Ƙara."

Na ƙara. Na biyu ma ya juya. Na uku. Gumi na shiga idona, ina zagin kaina. Ashe duk a sake na bar su!

"Ƙara."

Na takwas yana juyawa, yana ƙara laushi. Sai ya faɗo a tafin hannuna.

Na shafa shi a cikin duhu, sai na tuna.

Tsofaffin bas irin wannan, notin ɓangaren hagu a baibai yake juyawa. In ka yi dama, kwancewa kake. Kowane kanike ya san haka. Ni na koya wa mutane haka.

A ƙarƙashin bas wani abu ya yi dariya, ƙasa-ƙasa.

Ba muryata ba ce yanzu.

Wani abu mai sanyi, mai santsi kamar tsohon mai, ya kama idon sawuna.

Ya ja.

Na yi salati da ƙarfi, na kai duka da sifana cikin duhu. Na fizge. Takalmina ya tafi, ni na fita da rarrafe.

A bakin titi na zauna har gari ya waye, mabuɗin bas a hannuna. Da abokin aikina ya iso, ya duba tayar ya dube ni.

"Jiya a gabana ka ɗaure su tam. Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ɗauko sifana kawai."

Bas ya makara da minti ashirin. Da ya wuce ta gaban gareji, Auta ta ɗago min hannu ta taga, daga kujerar da ke kan tayar.

Tun ranar, in na gama aiki abokina ya bi baya ya duba da rana tsaka, mabuɗin gareji kuma a gidansa yake kwana. Har yanzu abin yana zuwa bakin kunnena ya yi tambayarsa. Ba na amsawa, ba na tashi. Na gane shi ba ya iya juya noti ko ɗaya. Hannuna yake nema.