Tauraron Inna Tabawa

Inna Tabawa ta raba abincin sunan jikanta ga mutanen da ba ta taɓa gani ba, ta bar surukanta da tukwane wayam.

A Dogon Gida abin ya faru, benen nan na Sabuwar Ringim da ya fi wani garin yawan jama'a. A can ba a aiken kowa da kwano. Kowane ɗakin girki yana da na'ura mai suna Rabau. Ita ke ƙirga masu ci, ta kasa abinci daidai yawansu, ta ɗora a ƙananan amalanke masu tafiya da kansu, su kai ƙofa-ƙofa. Sai mutum ya shekara bai ga fuskar maƙwabcinsa ba. Suna kiran wannan ci gaba.

Tun tana amarya Inna ke zana tauraro da jan farce a gindin kwanukanta. Abin da ke nata, tauraro gare shi. Ana gobe suna ta kira ɗanta Sha'aibu, uban jaririn.

"Auta, sa wa mutanena tauraro. Su kaɗai za a kai wa."

Sha'aibu ya buɗe jadawalin mazauna benen a allon hannu na na'urar, ya sa tauraro a gefen sunayen dangi, ya rubuta wa Rabau umarni ta ƙirga masu tauraro.

To, a wajen na'ura tauraro ba shaida ba ne. Idan ta gan shi cikin umarnin ƙirga, ma'anarsa a wajenta kowa da komai. Mai son ta nemo ainihin alamar tauraro sai ya sa wata 'yar lanƙwasa a gabansa, kamar tsutsa kwance. Sha'aibu ya san haka sarai. Amma kukan jariri ya hana shi barci tun ranar haihuwa, ya manta tsutsar.

Da hantsi Rabau ta ƙirga kowa da kowa a benen. Ta kasa waina da naman rago daidai wa daida. Kowane gida ya sami waina ɗaya da tsoka kamar kan yatsa. Amalanke suka fita a jere.

Da azahar surukai suka iso daga Gumel, Hajiya Ladingo uwar maijego a gaba. Aka shimfiɗa tabarmi. Inna ta shiga ɗakin girki ta buɗe tukunya, ta rufe. Ta buɗe ta biyu. Ko ƙanzo babu.

"Auta, ina abincina?"

Sha'aibu ya duba allo.

"Inna, ya tafi. Har hawa na ƙarshe."

"Wa muka sani a hawa na ƙarshe?"

"Babu kowa."

Daga falo Hajiya Ladingo ta ɗaga murya tana wasa da jaririn. "Angona, ashe gidanku azumi ake ranar suna? Da ka faɗa mini na yi sahur."

Mata suka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Macen da ba a taɓa fita gidanta da yunwa ba, yau ga baƙi daga Gumel da ruwan sanyi kawai a gabansu. Ta gyara ɗaurin kallabi za ta fita ba da haƙuri, sai amalanke na farko ya dawo. Kwanon da ke kansa cike yake da dambu.

Wata tsohuwa ce a hawan sama ta ga waina a ƙofarta, ta tuna ba a mayar da kwano haka nan. Ta faɗa wa ta kusa da ita. Magana ta sauko bene hawa-hawa. Kwanuka suka yi ta dawowa, wannan da ƙosai, wancan da sakwara, wani da dafaffen ƙwai, wani gwauro ma biskit ya zuba. Bayan kwanukan sai ga masu su, sun biyo amalanke su ga gidan da ya tuna da su. Falo ya cika, aka zauna har bakin lif, na'urar hawa bene.

Hajiya Ladingo ta ci ta ƙoshi, ta wanke hannu.

"Tabawa, duk waɗannan mutanenki ne?"

"Ga su kina gani," in ji Inna.

Da baƙi suka watse Sha'aibu ya jawo allo.

"Bari in sa tsutsar nan, Inna. Babbar Sallah ta kusa. In aka bar shi haka, ragonmu ko ƙashi ba za mu gani ba."

Inna ta kife allon a kan tabarma.

"Ba za ka sa ba."