Ɗakin Takaba

“Kada ka taɓa keken nan! Na Babana ne!”

Sa'ida ce ta faɗa. Ma'aikatan kotu uku da ɗan sanda sun cika soron gidansu, har sun ɗaga keken ɗinkin marigayi Malam Salisu za su fitar lungu. Matan unguwar Soron Ɗinki sai leƙe suke ta katanga.

“'Yammata, hukunci ne,” in ji babbansu. “Kotu ta ce ku tashi daga gidan Alhaji Lawal.”

“Ai ba a gama shari'ar mallaka ba! Babana saye ya yi a hannun wan Alhaji, maganar tana babbar kotu!”

“Waccan daban, wannan daban. Mu wannan aka turo mu.”

Ta ɗago idonta, sai ga Alhaji Lawal ya shigo. A bayansa kuwa...

Nazeer!

Ɗansa. Wanda ya shekara yana zuwa zance a wannan soron.

Maganar Ikram, 'yar ƙanwar Alhaji da ta daɗe tana son Nazeer, ta faɗo mata: “Ke kin zata sonki yake? Leƙen asirin gidanku yake yi wa Kawu!”

“Ashe gaskiya ne...” ta faɗa a hankali. “Har da kai, Yaya Nazeer?”

“Sa'idata, ki saurare ni...”

“Kada ka ƙara kirana haka!”

Nazeer ya wuce ta, ya cire takalmansa, ya zauna dirshan a bakin ƙofar shiga tsakar gida.

“Tashi!” Alhaji ya daka masa tsawa.

“Baba, ka gafarce ni. Umma Uwani takaba take yi.”

“Kotu ba ta san takaba ba!”

“Amma kai ka sani, Baba. Kai ka tsaya a sahun farko aka sallaci mijinta. Mai takaba ba ta kwana a waje. Ina za ta kwana yau?”

“Malam, kana tare aikin hukuma,” in ji ɗan sandan.

“To ku fara fitar da ni.”

Alhaji ya nuna shi da ɗan yatsa. “In ba ka tashi ba, ka bar min rumfata ta kasuwa, kuma kada ka sake taka min gida!”

Hawaye suka ɓalle wa Sa'ida. Ta san rumfar nan ita ce duk abin da ya dogara da shi.

“Yaya, ka tashi... don Allah kada ka rasa komai saboda mu.”

“In na tashi, Sa'ida, da wane ido zan kalle ki?”

Daga ciki aka ji takun sawu. Uwani ce, mahaifiyar Sa'ida, cikin tsohon zane da mayafi, ba kwalli ba awarwaro. Ta tsaya a bayan labule.

“Alhaji, ba na ja da hukunci. Ka faɗa min kawai, in fita? In ka ce in fita, zan fita, alhakin yana wuyanka.”



“Ɗakin da take ciki, Baba,” Nazeer ya faɗa kansa a ƙasa, “ɗakin Inna Hajo ne. Kai ka ba ni labarin yadda mahaifiyarka ta yi takabar Kaka a cikinsa, kana kai mata ruwa.”

Alhaji ya daɗe yana kallon labulen. Can ya juya ga ma'aikatan.

“Ku ajiye keken.”

“Alhaji, hukuncin fa...”

“Ni na kawo ƙara. Na ce ku ajiye! Ta gama takabarta, babbar kotu ta faɗi mai gida. Zan je in shaida wa alƙali da bakina.”

Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya ba tare da ya waiwayo ba.

“Kai kuma mai taurin kai, sa takalmanka, an bar rumfa ba kowa.”

Sa'ida ta rufe fuska da mayafi. “Ka yafe min, Yaya...”

“Sai kin bar ni na ƙara kiranki Sa'idata.”

Ranar da Uwani ta fita takaba, mutanen Alhaji Lawal suka sake cika soron. Wannan karon da huhun goro suka zo. Har yau babbar kotu ba ta ce ga mai gidan ba, amma a tsakar gidan aka sa wa Sa'ida lalle.